Filin Kwamfuta: In Mai Gadi Ya Tsare Hoto Da Sunan Talla

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata matsala da takan sa mutane su yi ta zargin kamfanin waya ko mai shafi, alhali kuwa abin yana cikin na'urarsu. Mutum zai buɗe shafin intanet, rubutu ya fito tsaf, wasu hotuna su fito, wasu kuma su ƙi, sai fili fari a wurinsu, ko kuwa wurin ya haɗe kamar ba a taɓa sa hoto a nan ba. Ya sake buɗewa, waɗannan hotunan dai su ne ba su zo ba. Ya sayi sabuwar data, labarin bai canja ba.

Wani zai ce ai hoto ne kawai. To, amma mai sayar da atamfa ko takalma da ya sa kayansa a intanet ya san hoton nan shi ne shagonsa, domin ba wanda zai turo kuɗi a kan kayan da bai gani ba. Haka ɗalibin da ke cika fom ɗin makaranta, in ɗan hoton nan mai karkatattun haruffa da ake cewa ya kwafa bai fito ba, to fom ɗin ya tsaya ke nan, ranar rufewa kuwa ba ta jiran kowa.

Sau da yawa mai laifin shi ne manhajar tsaro da aka sa don ta kare na'urar, ko dai ta riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, ko ta tare tallace-tallace. Don sauƙin bayani bari mu kira ta mai gadi. Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, wannan mai gadin ba ya ganin hoto. Bai san ko masallaci ne a ciki ko kwalbar lemo ba. Takarda ce aka ba shi mai ɗauke da jerin alamomi, aka ce duk wanda ya zo da ɗaya daga cikinsu a tsare shi a ƙofa. Alamomin kuwa su ne sunan hoton, da awonsa, da gidan da ya fito. Ɗan gida ma in ya zo da irin alamar, ƙofa za ta rufe. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane, amma ba a koya wa kwamfuta wannan karin maganar ba.

Maganar awo tana da tarihi. Ran 27 ga Oktoba 1994 shafin HotWired na Amurka ya fara sa dogayen hotunan tallan nan da ke shimfiɗe a saman shafi, kuma tallan kamfanin AT&T na cikin na farko. Da abin ya yaɗu, sai a 1996 ƙungiyar masu talla a intanet, wadda ake kira IAB, ta tsayar da awo na bai ɗaya domin mai talla ya zana hoto guda ya kai shi ko'ina ya zauna daidai. Mafi shahara shi ne mai faɗin ɗigo 468 da tsawon ɗigo 60, wato ɗigon hasken nan da ake kira piksel. Akwai kuma 234 da 60, da 125 da 125, da ɗan mitsitsin nan 88 da 31. Daga baya aka ƙara wasu, kamar 728 da 90, da 300 da 250, waɗanda har yanzu ake aiki da su. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa masu talla, ya kuma sauƙaƙa wa masu tare talla, tun da yanzu sun san tufafin da abokin gaba ke sawa.

A farkon 2000 kamfanin Symantec ya fitar da Norton Internet Security, wanda aka gina a kan wata manhaja mai suna AtGuard, kuma yana da sashen tare talla. Yana duba adireshin hoto, in ya ga kalma irin su ads ko banners sai ya cire shi tun kafin ya iso idon mai kallo, haka nan yakan cire hotuna masu awon talla. Masu shafuka a waɗannan shekarun sun yi ta kuka, domin tambarin kamfaninsu ko hoton kayansu yakan ɓace wa baƙi ba tare da baƙin sun san an cire wani abu ba. A fitowar da ke ɗauke da lambar 2007 an ware wannan sashen daga ainihin manhajar. Sai dai dabarar ba ta mutu ba, ta koma wasu hannuwa ne.

A yau mafi yawan masu tare talla suna dogara ne da wani jeri mai suna EasyList, wanda Rick Petnel ya fara a 2005, kuma 'yan sa kai ne ke kula da shi har yanzu. Adblock Plus da uBlock Origin da AdGuard da burauzar Brave duk suna sha daga wannan rijiyar. Dokokin da ke cikinsa sun kai dubun dubbai. Akwai kuma jerin ƙari na harsuna, kamar Liste FR na shafukan Faransanci, wanda ke farautar kalmomi irin su publicite, abin da ya shafi 'yan uwanmu masu hulɗar kasuwanci da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa. Aiki ne nagari waɗannan bayin Allah suke yi, kuma kyauta. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada masu suna Adamu da Ado su tsorata. Dokokin ba sa kama duk kalmar da ta fara da harufan a da d. Abin da suke nema shi ne harufan su tsaya su kaɗai, kamar jakar hotuna da aka sa wa suna ads, ko awon talla da aka rubuta a cikin sunan hoto. Shi ya sa shafukan cinikayya suka fi zama cikin haɗari: a irin su Jiji da Tonaton, duk kayan da mutum ya sa don sayarwa da Turanci ad ake kiransa, wato talla, ga shi kuwa shi ne ainihin abin da mai saye ya zo nema.

Akwai wata hanya kuma da ta fi wuyar ganewa. Wani lokaci mai gadi yakan bar hoton ya shigo, ya ci data, sannan ya lulluɓe shi, saboda mai ginin shafin ya sa wa akwatin da hoton ke zaune a ciki suna mai kama da na talla. A nan ne za ka ga shafi ya haɗe sumul, ba ko alamar rami.

To yanzu yaya za a gane mai laifi? Shawarata ita ce kada a taɓa kowane saiti sai an yi gwaji, domin masu gadin suna da yawa, kuma kowane yana tsaye a ƙofarsa daban.

Da farko dubi irin ɓacewar. In duk hotuna ne suka ɓace a kowane shafi, to ba maganar talla ba ce, mai yiwuwa an kashe hotuna ne a saiti, ko tsarin tsimin data ne, irin wanda ke cikin Opera Mini. In kuwa wasu ne kawai, kuma kullum su ɗin ne dai, sai ka buɗe shafin a wata na'ura dabam da ke kan wani layi dabam, alal misali wayar maƙwabci da datarsa. In hoton bai fito a can ba, matsalar tana wurin mai shafi, sai ka sanar da shi ka huta. In ya fito, to ɓarawon yana cikin gida.

Daga nan sai ka buɗe tagar sirri a burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita. A Chrome ana danna Ctrl da Shift da N tare, a Firefox kuma Ctrl da Shift da P. Amfanin wannan tagar a nan shi ne, 'yan ƙarin nan da ake liƙa wa burauza, irin su Adblock Plus, ba sa aiki a cikinta sai in an ba su izini musamman. Saboda haka in hoton ya dawo a tagar sirri, ɗaya daga cikin 'yan ƙarin ne. Sai ka koma taga ta kullum ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, kana sake buɗe shafin, har ka kama shi. A lura dai, Firefox yana da nasa mai gadin na cikin gida mai alamar garkuwa kusa da wurin rubuta adireshi, wanda tun Satumba 2019 yake zuwa a kunne, kuma a tagar sirri ma ya fi tsanani. Brave ma haka, nasa mai alamar kan zaki ne. Waɗannan tagar sirri ba ta kashe su.

In hoton bai dawo ba, gwada wata burauzar a kwamfutar nan dai. In duk burauzar da ka buɗe hoton ba ya nan, to mai gadin yana can ƙasa, yana tace duk abin da ke shigowa na'urar, kuma wannan aikin manhajar riga-kafi ne, kamar sashen da Kaspersky ke kira Anti-Banner, ko AdGuard na kwamfuta. In kuma duk na'urorin da ke kan wayfai ɗaya ne suke fama, na ofis ne ko na makaranta ko na kafe, to a akwatin wayfai aka sa shingen, sai a nemi mai kula da shi.

Ga wanda ba ya tsoron ganin Turanci ja a allo, akwai gajeriyar hanya. A Chrome na kwamfuta danna F12, zaɓi sashen da aka rubuta Console, sannan ka danna F5 shafin ya sake buɗewa. Za ka ga jajayen layuka, kowane da adireshin abin da bai iso ba. In ka ga ERR_BLOCKED_BY_CLIENT, ma'anarsa daga wajenka aka tare shi, galibi ɗan ƙarin burauza ne. In ka ga lamba 404, hoton ne babu shi a can gidansa, ba ruwan mai gadi. In ka ga ERR_NAME_NOT_RESOLVED, to na'urarka ta nemi adireshin gidan hoton ba ta samu ba, za mu zo kan wannan. Karanta adireshin da kyau, sau da yawa kalmar da ta jawo fitinar tana nan ɓaro-ɓaro a ciki. In kuwa ba jan layi ko ɗaya amma hoto ba ya nan, to lulluɓe shi aka yi kamar yadda na faɗa a baya. Sake danna F12 ya rufe wannan sashen, ba abin da ka ɓata.

Yanzu ga inda nake son a saurare ni da kyau. Da mutum ya gano mai gadi ne, abin da yakan fara zuwa ransa shi ne ya kore shi gaba ɗaya, ya kashe manhajar ko ya goge ta. Wasu masu gyara ma haka suke yi, don shi ne mafi sauri, hoto ya fito, a biya su, su kama gabansu. Wannan an gudu ne ba a tsira ba. Talla a intanet ba damuwar ido da cin data kawai ba ce, hanya ce da 'yan damfara ke bi. A Maris 2016 an cusa miyagun tallace-tallace a manyan shafuka irin na New York Times da BBC da MSN, waɗanda ke ƙoƙarin sa wa masu karatu manhajar da ke kulle kwamfuta sai an biya fansa, kuma masu shafukan ba da saninsu ba ne, ta hannun dillalan talla abin ya shigo. A Disamba 2022 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta shawarci jama'a su riƙa amfani da abin tare talla, saboda 'yan damfara na sayen talla a shafukan bincike suna kwaikwayon bankuna da kamfanoni. Mutumin da kuɗinsa ke cikin waya bai kamata ya bar ƙofa a buɗe saboda hoto guda ba.

Abin da ya dace shi ne a gabatar wa mai gadi da ɗan gida, a ce wannan namu ne, bar shi ya wuce. Kowace manhaja tana da wurin yin haka. A uBlock Origin, kana kan shafin sai ka danna alamarsa, za ka ga babban maɓalli shuɗi, danna shi ya kashe tsaro a wannan shafin kaɗai, kuma zai tuna har gobe. In ka riƙe Ctrl sannan ka danna, fejin da kake kai ne kawai zai yafe wa, ba dukan shafin ba. Masu Chrome su sani cewa tun ƙarshen 2024 Google ya fara kashe cikakken uBlock Origin saboda sabon tsarinsa na Manifest V3, abin da ya rage musu shi ne uBlock Origin Lite, shi kuma wani ɗan ma'auni gare shi da ake ja baya a rage tsanani a shafin da ake kai. Cikakken yana nan a Firefox. A Adblock Plus akwai makunni na wannan shafin. A Firefox danna garkuwa, a Brave danna zaki. A manhajar riga-kafi kuwa shiga saiti, nemi sashen tare talla, a ciki akwai jerin shafukan da aka yafe wa, sai ka rubuta adireshin. Sashen talla kaɗai za ka taɓa, ka bar na ƙwayoyin cuta yadda yake. In ya zama dole ka dakatar da manhajar don gwaji, zaɓi 'yan mintoci, domin mantuwa halin ɗan Adam ce.

Bayan an gyara, danna Ctrl da F5 tare, don burauza ta ɗauko shafin sabo daga tushe, kada ta nuna maka tsohon da ta ajiye. Mutane da yawa sukan yi gyara daidai, su ga ba canji, su koma su warware, alhali wannan ne kawai ya rage.

Wata shawara kuma, kada a tara masu gadi. Za ka tarar da kwamfuta ɗaya da Adblock Plus da uBlock Origin da AdGuard, ga kuma na riga-kafi, mai ita yana ganin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A nan karin maganar ba ta ci ba. Kusan jeri ɗaya suke karantawa, kuma in ka yafe wa shafi a wurin ɗaya, sauran suna nan tsaye da sanda. Raymond Hill, wanda ya rubuta uBlock Origin, shi da kansa ya yi gargaɗi kada a haɗa shi da wani irinsa. Ɗaya ya isa, in dai ana sabunta jerinsa. Sabuntawar ma kanta magani ce, domin masu kula da jerin suna gyara kurakuran da aka kai musu ƙara, mai yiwuwa naka an riga an gyara shi.

Sai batun waya, tun da mafi yawanmu a zango da ita muke shiga intanet. Tun daga Android 9 na 2018 akwai wani saiti mai suna Private DNS. DNS kamar ɗan jagora ne, kai ka faɗi sunan gida, shi ya nuna wa wayarka hanya. Wasu masu gyaran waya, ko yaran gida masu ƙoƙari, sukan rubuta adireshin AdGuard a wurin don a daina ganin talla a wasanni, mai wayar kuwa bai ma san an yi ba. Irin wannan mai gadin ba ya iya tsare hoto guda, gida sukutum yake toshewa, ya ce bai san hanyar ba. To yawancin shafuka ba a gidansu suke ajiye hotuna ba, haya suke kamawa a rumbunan wasu kamfanoni, in rumbun ya shiga jeri bisa kuskure sai duk hotunan shafin su tafi tare. Shiga saiti, sashen layi da intanet, a wayoyin Samsung kuma sashen Connections, nemi Private DNS. In ka ga an rubuta wani adireshi, kwafe shi a takarda tukuna, sannan ka mayar da saitin kan Automatic ka gwada. In hoto ya dawo, ka gama aikinka ka mayar da adireshin in kana so.

Bari in juya ga masu shafuka, domin yanzu ƙungiyoyinmu da makarantun Islamiyya da gidajen rediyo da 'yan kasuwa da yawa suna da nasu. Ku ba za ku iya bin baƙi gida-gida kuna gyara musu saiti ba, kuma baƙon da bai ga hoto ba ba zai rubuto muku ba, wucewa zai yi. Gyaran yana hannunku. Kada ku sa wa jaka ko hoto suna ads ko banner ko sponsor ko promo, ku ba shi sunan abin da ke ciki, ko da Hausa ne, kamar taron-maulidi ko sabon-aji. Ku faɗa wa mai gina muku shafi ya kiyaye haka a sunayen akwatuna. Tambarinku kuma kada a yanka shi daidai 468 da 60 ko 728 da 90, ƙara ko rage ɗigo biyu ya wadatar.

Masu amfani da WordPress suna da wani tarko na musamman. Duk hoton da ka sa, WordPress yakan yi masa ƙananan kwafi da kansa, ya liƙa awon kowane a ƙarshen sunansa. Matsakaicin kwafin, in ba a canja saiti ba, faɗinsa ba ya wuce 300. Ke nan hoto mai faɗin 1200 da tsawon 1000 in aka rage shi zai koma 300 da 250 cif, sunansa kuma ya ƙare da 300x250, wato awon tallan da ya fi kowane yawa a intanet. An sha samun hotunan da suka ɓace ta wannan hanya, mai shafi yana rantsuwa bai taɓa rubuta kalmar talla ba, kuma gaskiyarsa ne. Maganin shi ne a shiga saitin Media a mayar da 300 ɗin 310, ko a ɗan datse gefen hoton kafin a sa shi. Hotunan da aka riga aka sa kuwa saitin ba ya komawa kansu, sai an sake sa su. In an gama, a sa uBlock Origin a wata burauza a zagaya shafin feji-feji, a ga abin da baƙo ke gani.

Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta ofishin edita, a rubuta irin na'urar da sunan burauzar, da ainihin abin da ya fito a allo. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.